« Ba komi », « ba laifi », « ba illa » : sharhi a kan kalmomin kore cuta cikin hausa da yadda masu fassara ke aiki da su

0. Gabatarwa

Mafarin wannan ƴar maƙala wata takardar faɗakarwa ce a kan rigakafin yara, wadda aka kawo mana don mu duba fassararta ta hausa. Cikin rubutun faransanci mun tarar da kalmomi huɗu : inoffensif, anodin, bénin da sans danger. Mai fassara ya maida uku daga cikinsu da magana guda, « ba shi da wata illa ». Ta huɗun, inda likita ya ce zafin jikin da ke biyo bayan allura bénin ne, sai aka rubuta « ba komi ». Ta fuskar nahawu babu abin gyara. Duk da haka mun ƙi sa hannu, kuma a lokacin mun kasa bayyana dalili yadda zai gamsar. Abin da ke biye shi ne dalilin.

Ra'ayinmu shi ne : bahaushe ba ya cewa abu ba ya cutarwa sai ya nuna wace cuta ce ya kore, kuma ba kowane baki ne ke da izinin korewar ba. Fassarar da ta manta da waɗannan sharuɗɗa biyu tana iya zama daidai a ƙamus, ta zama ƙarya ko raini a kunnen mai saurare.

1. Kayan aikin da hausa ke da su

1.1. Siga

Faransanci ma da korewa yake gina yawancin waɗannan kalmomi, sai dai korewar ta daskare cikin kalma. Inoffensif da innocent suna ɗauke da ɗafin latinanci in-, anodin kuwa daga girkanci ya fito, ma'anarsa ta asali « marar zafi ». Bafaranshen da ke cewa une remarque anodine ba ya jin wata korewa a bakinsa. Sifa ce kamar kowace sifa. Bénin kaɗai ya fita daban, don tushensa, benignus, kirki yake nufi.

Hausa ba ta da sifa tilo mai wannan aiki. Hanyoyinta uku ne, kuma cikin kowace korewa a fili take :

(1) a. magani marar illa (marar / marasa + suna)
b. maganin ba shi da illa (ba … da + suna)
c. maganin ba ya cutarwa (korarren aikatau)

Abin lura shi ne gurbin suna cikin (1a) da (1b). Dole a cike shi. Mai magana ba shi da damar tsayawa a kan « rashin cuta » gaba ɗaya. Sai ya zaɓi suna, kuma kowane zaɓi yana barin sauran ƙofofi a buɗe.

1.2. Sunayen da ke shiga gurbin

Da yawansu aro ne daga larabci : illa (ʿilla), aibi (ʿayb), haɗari ko hatsari (khaṭar). Laifi, wanda ake furtawa laihi a Adar da Arewa, daga al-ʿayb ya fito tare da harafin ta'arifi a manne, kamar yadda lafiya ta fito daga al-ʿāfiya. Ke nan aibi da laifi tagwaye ne, amma hausa ta raba masu gado. Lahani kuwa har yau malaman tajwidi suna kiran kuskuren karatu da shi. Cuta da dafi ƴan gida ne. Mu gwada su cikin jimla :

(2) Wannan macijin ba shi da dafi.
(3) Dokin ba shi da aibi.
(4) Faɗuwar ba ta yi masa lahani ba.
(5) Hanyar ba ta da haɗari.
(6) Yaron ba shi da laifi.
(7) Tuwon ba laifi.

A (2) an kore guba kaɗai ; macijin yana iya sara. A (3), maganar dillali ce a kasuwar dabbobi : dokin ba gurgu ba ne, ba makaho ba ne, kuɗinsa ba za su ragu ba. Ba a ce ba ya harbi ba. Lahani a (4) ɓarna ce mai zama a jiki, kamar ido da ya mutu ko ƙafa da ta shanye. Wanda ya faɗi yana iya kwana uku yana nishi, jimlar tana nan daidai. Haɗari a (5) yana duban abin da bai faru ba tukuna. Laifi a (6) na shari'a ne da tarbiyya, shi ne innocent. Amma da zarar an ɗora shi a kan abu, kamar a (7), sai ya koma yabo na tsaka-tsaki, wato passable, pas mal. Ɗalibin da ya fassara un produit inoffensif da « kaya ba laifi » ya yaba ingancin kayan ne, bai ce komi a kan lafiyar mai amfani da su ba.

Illa ita ce ta fi kusa da bukatar likitoci, domin tana nuna abin da ke biyo baya : illar taba, illar zama da yunwa. Shi ya sa masu fassara suka rungume ta. Sai dai faɗinta ya yi yawa. Ta haɗa effet secondaire, séquelle da inconvénient, daga ɗan kumburin dantse har zuwa shanyewar gaɓa. Wanda ya ce « ba shi da wata illa » ya yi rantsuwa a kan dukansu, kuma « wata » ta toshe masa hanyar ja da baya.

Cuta tana da fuska biyu da faransanci ya raba : maladie da tort. « Ya cuce ni » zargin zalunci ne ko zamba. Saboda haka « ba ya cutarwa » yana jawo tambayar niyya, ko da a kan kwalbar magani ake magana : wa ya kawo ta, me yake nufi da mu ? Za mu sake tarar da wannan a sashe na 3.

1.3. In mutum ake nufi

A nan hausa tana da kalmomi marasa korewa : salihi, mumini, bawan Allah. Dukansu daga fagen addini suka zo, suka sauka a kan mutumin da ba ya faɗa, ba ya ƙwace, ba ya ramuwa. Akwai kuma « ba ruwansa », da zancen nan cewa ko an sa masa yatsa a baki ba zai ciza ba. Yabo ne, amma yabo mai ɗan tausayi a ciki : uwar da ta ce ɗanta salihi ne tana iya nufin kada a tura shi karɓo bashi. Kuma hausa ba ta cika yarda da wannan kama ba. Tana da « macijin ƙaiƙayi », tana da « lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi », tana kuma gargaɗi cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mai saurarenmu ya girma cikin harshen da ya koya masa cewa abin da aka ce ba ya cuta shi ne abin sa wa ido.

2. Bakin wa ?

Mu koma ga « ba komi ». Ga inda take zaune :

(8) A : Gafara, malam, na taka ka.
B : Ba komi.
(9) A : Na taka ka, ba komi.

Jimla ta (9) ba ta saɓa wa nahawu ba, amma duk bahaushe zai ji ta a matsayin neman faɗa. A (8) B bai ba da labarin ƙafarsa ba. Mai yiwuwa tana yi masa zogi. Yafewa ya yi. Wannan shi ne abin da Austin (1962) ya kira magana mai aikatawa, wadda faɗinta shi ne yin ta, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗanta shi ne ta fito daga wanda ya cancanta. « Ba komi » haƙƙin wanda abin ya shafa ne. Tun Benveniste (1966) mun san akwai kalmomin da ma'anarsu ba ta cika sai an san wa ke cewa « ni ». Muna ganin « ba komi » tana da wannan hali, ko da yake babu wakilin suna a cikinta.

Gaskiya ne akwai wani amfani, na lallashi : babba yana ce wa yaron da ya faɗi « tashi, ba komi ». Amma wannan daga sama yake zuwa ƙasa, daga wanda ya ɗauki nauyin yaron. In takardar hukuma ta ce wa uwa « ba komi » a kan zazzaɓin ɗanta, ɗayan biyu ne : ko ta yafe wa kanta a madadin uwar, kamar a (9), ko ta maida uwar yarinya. Babu wanda likitan ya nufa cikin biyun.

Wasu misalai biyu suna ƙarfafa wannan. Na farko, « babu laifi » a bakin malami, wadda da ita ake fassara lā baʾsa ta littattafan fiƙihu : izini ce, kuma mai ilmi ke ba da ita. Na biyu, wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na ƴan Adam a 2014 da sunan Nijar. Abin da babarbare zai gaya wa bafillace a tsakiyar kasuwa a yi dariya, in baƙo ya faɗe shi sai an kai ga sarki. Kalmomin ba su canza ba. Dangantaka ce ta cire masu dafi, kuma « wasa ne » ba ta karɓuwa sai daga abokin wasa.

3. Korewa mai tada abin da take korewa

Ducrot (1984) ya bambanta korewar da ke siffanta hali kurum da korewar jayayya, wadda ke ɗauke da muryar wani da ya ce « e » kafin mai magana ya ce « a'a ». Tun da hausa ba ta da hanyar faɗin inoffensif sai da korewa a fili, fassara tana yawan juya sifar faransanci ta koma jayayya. Un vaccin sûr ba ya amsa wa kowa. « Allurar ba ta cutarwa » tana amsawa, kuma mai saurare yana tambayar kansa : wa ya ce tana cutarwa ?

Abin da ya faru a arewacin Nijeriya ya isa misali. A 2003 wasu jihohi, ciki har da Kano, sun dakatar da ɗigon rigakafin shan inna saboda jita-jitar cewa an gauraya shi da abin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya, ƙasar musulmi. A tsakanin nan cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yankunanmu na Maraɗi da Damagaram, masu harshe ɗaya da kasuwa ɗaya da Katsina da Kano, ba su kasance a waje da zancen ba. Sai a 2006 aka cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ke zaune cikinsu.

Ba mu cewa fassara ce ta haddasa wannan. Dalilan sun fi ƙarfin nahawu : akwai siyasa, akwai kuma tunawa da 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 a Kano cikin annobar sanƙarau, yara 11 suka rasu cikin waɗanda gwajin ya ƙunsa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, shari'a kuma ta ƙare da sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda aka warware rikicin. Tambayar jama'a ta « cuta » ce a ma'anarta ta biyu, wato zamba, amsar masana kuwa ta « illa » ce, wato sakamakon awo. An yi ta amsa tambayar da ba ita aka yi ba. Da aka canza inda maganin ya fito, aka kuma sa sarakuna da malamai gaba, sai maganar ta fara shiga, domin bakin da ke faɗin ta ya canza. Wannan shi ne abin da sashe na 2 ya nuna.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. « Ba shi da wata illa » ba gaskiya ba ce ɗari bisa ɗari a kan ɗigon. Ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Cikin miliyoyin ɗigo akan sami wanda ya shanye yaro, kuma inda yaran da aka yi wa rigakafi suka yi ƙaranci, ƙwayar tana iya yawo har ta sake yin ƙarfi. Hakan ya faru a arewacin Nijeriya daga 2005. An tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agusta na 2020, kuma wannan ɗigon ne ya kai mu can. Amfaninsa ya rinjayi illarsa nesa ba kusa ba. To amma « ya rinjayi » da « babu » ba ɗaya ba ne. Likitan da ya rubuta sûr ya san da wannan ragowa, kalmarsa tana da wurin ajiye ta. Mai fassara ne ya share ta, ya ɗora wa ma'aikacin lafiya alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Ranar da yaro ɗaya ya kwana da zazzaɓi, unguwa duka ta kama shi da ƙarya.

4. Marar illa, marar amfani, mai sauƙi

A 1995, cikin annobar sanƙarau a Nijar, an yi wa mutane allurar jabu da ta shigo cikin kayan taimako. Hukumar lafiya ta duniya (OMS) ta ce sun haura 50 000. Da aka auna, ba a sami sinadarin rigakafi a ciki ba. In muka bi (1b) kalma da kalma, ruwan da ke cikin kwalbar « ba shi da dafi ». Amma wanda aka yi wa ya koma gida yana zaton ya tsira. A nan kalmar da ta dace ita ce cuta, da fuskokinta biyu : an cuce su, cuta kuma ta same su a buɗe. Darasin ga mai nazarin ma'ana shi ne rashin illa ba hali ne na abu shi kaɗai ba. Sai an dubi abin da aka sa ran zai yi. Hausa ta san haka, shi ya sa « ba cas ba as » da « ba ya kashewa ba ya warkarwa » ba yabo ba ne a bakin kowa.

Bénin da simple suna da tasu matsala. A likitance, paludisme simple kishiyar paludisme grave ne : masassarar da ba ta kai ga suma, farfaɗiya ko ƙarancin jini mai tsanani ba. Ba a ce a zauna gida ba, domin a jikin ƙaramin yaro tana iya rikiɗa cikin kwana guda in ba a ba da magani ba. Mun sha jin ana maida ta « masassara mai sauƙi ». To, « sauƙi » kalmar gaisuwa ce :

(10) A : Ina jiki ?
B : Da sauƙi.

B zai amsa haka ko da an fidda rai da shi, domin ladabi da tawakkali ke magana. Ban da haka, samun sauƙi shi ne kama hanyar warkewa. « Masassara mai sauƙi » tana gaya wa uwa cewa ciwon yana tafiya, alhali likita yana nufin bai gama isowa ba. Haka ƴan kalmomin ƙanƙantawa suke, ɗan da ƴar : « ɗan zazzaɓi », « ƴar allura », tare da « kawai » ko « kurum ». Da su mai tallar magani a tire yake sayar da ƙwayoyinsa, « na gajiya ne kawai ». Bai kamata takardar likita ta yi magana da muryarsa ba.

5. Kammalawa

Ba mu ɗora laifi a kan ƙamus ba. Bargery (1934) da Abraham (1949) cike suke da misalai, amma daga hausa suke tashi, mai fassararmu kuwa daga faransanci yake tasowa. Ayyukan da suka haɗa harsunan biyu, kamar na Mijinguini (1994) da na Caron da Amfani (1997), sun rage mana wahala ƙwarai. Sai dai kowane ƙamus kalma yake ba kalma, ba shi da gurbin da zai rubuta « wanda aka taka kaɗai ke faɗin wannan ». Wannan gurbi aikin sashenmu ne, cikin darussan fassara.

Muna ba da shawara mai fassara ya yi wa kansa tambaya uku kafin ya rubuta korewa : wace cuta ake korewa, ga wa, kuma da bakin wa za a ji ta. Sau da yawa amsar za ta kai shi ga barin korewar, ya faɗi abin da zai faru. Ga yadda muka gyara jimlar da ta tsayar da mu :

(11) Bayan allura jikin yaro yakan yi zafi kwana ɗaya ko biyu, wurin allurar yakan kumbura, sa'an nan ya wuce. In zafin ya zarce haka, ko yaro ya ƙi nono, a maido shi gidan likita.

Ta fi « ba komi » tsawo sau goma, kuma wanda ya kawo takardar ya yi kukan wuri. Mun amsa masa cewa (11) ba ta yi alkawarin da gobe za ta ƙaryata ba, ta kuma bar wa uwar kalmarta : in zafin ya sauka, ita ce za ta ce ba komi.

Saura aiki. Ba mu taɓa karin sauti ba, alhali « ba komi » ta yafewa da « ba komi » ta ƙullaci a murya suke rabuwa. Ba mu kuma gwada da zabarmanci, fillanci, barbarci da tamajak ba, waɗanda takardu iri ɗaya ake fassarawa cikinsu, sau da yawa daga faransanci guda. Muna fata abokan aiki da ɗaliban da ke neman batun kundi za su ɗauki wannan gefen, su kuma gyara mana inda karin harshensu ya saɓa wa misalanmu.